Allunan Zaɓen Corinne Pavlik

Ranar Juma'a ce, saura kwana goma sha ɗaya zaɓe. Ambrose Pavlik ya tashi ƙarfe shida saura minti ashirin, kamar yadda ya saba tun yana koyar da lissafi a sakandaren garin Velna. Shekararsa tamanin da ɗaya. Ya ɗora kofi, ya leƙa ma'aunin sanyi da ke maƙale a tagar kicin, ya ga yau ma ƙasa ba za ta saki ba. Haka watan Maris yake a gundumar Kettleford: dusar ƙanƙara ta narke a sama, ƙasa kuwa tana nan daskare kamar siminti.

Shida da kwata ya shiga gareji ya loda alluna arba'in a bayan a-kori-kurarsa. Allunan roba ne shuɗɗa, kowanne da ƙafafun waya biyu, an rubuta musu da fari: CORINNE PAVLIK, MAI SHARI'A. Ya jefa rodi da guduma, ya sa littafinsa mai baƙin bango a aljihun kwat. A littafin nan akwai sunan duk gidan da ya taɓa yarda a kafa allon 'yarsa a bakin hanyarsa, shekara goma sha takwas ke nan.

Bakwai da rabi Corinne ta tsaya da motarta a ƙofar gida. Ta shigo ba ta cire kwat ba.

"Malam, ka karya kuwa, ko kofi kawai ka ɗura wa cikinka?"

"Na ci burodi, ranki ya daɗe."

"Ga burodin nan ko ledarsa ba a kwance ba. Da a gabana ka rantse, da yau a ɗaure za ka kwana."

"Ai ba ki hau kujerar ba tukuna."

"Saura kwana sha ɗaya."

"Sai an ƙirga."

Ta soya masa ƙwai biyu a tsaye, ta ci gefen ɗaya da hannu. Suka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. Kujerar da suke wasa da ita, shekara goma sha biyu Corinne ta yi a kanta tana alƙalancin gundumar, kuma shi ne da bakinsa ya yi sanadin da ta rasa ta. Bai taɓa ba ta haƙuri ba. Abin da ya ƙudurta shi ne ya fara mayar mata da kujerarta, allo bayan allo, sannan ranar da aka rantsar da ita ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun shekara shida da rabi da suka wuce.

Ƙarfe tara ya fara daga titin tafki. Aikin yana da tsarinsa. Ka auna taku uku daga bakin kwalta, don kada motar share ƙanƙara ta kwashe allon. Ka kafa rodi, ka doka masa guduma sau shida, ka zare, ka sake wani ramin a gefe. Sannan ka zura ƙafafun wayar, ka juya fuskar allon ta kalli masu fitowa daga gari. Kafin sha biyu ya kafa ashirin da uku. Kafaɗarsa ta dama tana zogi, bai kula ta ba. Sha ɗaya da minti goma ya bi ta mararrabar Hruska, inda hanyar masana'antar cuku ta haɗu da hanyar coci. Duk gundumar babu wurin kafa allo da ya kai nan, don kowace tankar madara da kowane mai zuwa ibada ta nan yake bi. Gonar Wendell Hruska ce, amininsa na shekara arba'in. Ambrose ya wuce bai waiwaya ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya shiga kotu ya zauna a bencin baya. Corinne tana kare wani mutum da aka kama ya harbi barewa ba lokacin farauta ba. Da alƙali Gordon Stahl ya shigo, wanda ya kayar da ita a zaɓen baya kuma yanzu yake shirin ritaya, ta miƙe tare da kowa. Ta ce masa "mai girma mai shari'a" muryarta ba ta ko girgiza ba. Shekara shida tana faɗa, shekara shida Ambrose yana jin abin a ƙirjinsa.

Ƙarfe biyar suka haɗu a zauren ƙasa na cocin St. Prokop, inda ake soya kifi kowace Juma'a a azumin kafin Ista. Ta bi tebur tebur tana gaisawa. Wani tsohon manomi ya riƙe hannunta ya ƙi saki.

"Corinne, in na zaɓe ki za ki ɗaure min surukina?"

"Kawo shi da shaidu biyu."

"Matata kaɗai ta yi shaidu goma."

"To ita zan fara saurara, kai kuma ka nemi lauya."

Teburin ya kwashe da dariya. Ta ci kifi yanka ɗaya da dankali, ta tura wa mahaifinta sauran, ta ce kanta ne ke ɗan sara mata tun rana.

Bakwai saura minti goma suka fito wurin ajiye motoci. Rana ta kusa faɗuwa. Ta ce gobe ƙarfe takwas za ta zo su kafa sauran sha bakwai ɗin tare, don ta ga yadda yake riƙe kafaɗa. Ta buɗe ƙofar mota.

"Kori," ya kira ta da sunanta na gida.

"Na'am, Baba?"

Ya dube ta. Gashinta ya yi furfura a gaba, daidai inda na mahaifiyarta ya fara.

"Tayarki ta baya ta yi ƙasa."

"Zan duba, Malam. Sai da safe."

Corinne 'ya ɗaya tilo ce ga Ambrose da matarsa Bernadette, ma'aikaciyar jinya. Tun tana ƙarama mai gardama ce. Tana shekara tara ta rubuta dokokin ƙwallon da yaran layinsu ke bugawa, ta kafe takardar da ƙusa a jikin bishiya. Aka yi ta mata dariya, har ranar da faɗa ya kaure, aka zo nemanta ta karanta doka ta huɗu. Ta yi karatun lauya a jami'ar jiha, ta yi aiki shekara shida a birni. Ta yi aure a can, auren ya mutu bayan shekara huɗu, babu haihuwa. Ta dawo Velna ta buɗe ofis a saman shagon sayar da takalma, tana yi wa manoma shari'ar iyakar gona da rubuta wasiyya.

Tana shekara talatin da tara tsohon alƙalin gunduma ya sauka. A jiharsu jama'a ke zaɓen alƙalin gunduma, duk shekara shida, a watan Afrilu. Mace ba ta taɓa hawa kujerar Kettleford ba. Cikin sanyin Disamba Ambrose ya bi gida gida yana tara sa hannun da ake bukata kafin a sa sunanta a takarda, kuma rabin masu buɗe masa ƙofa tsofaffin ɗalibansa ne, wasu har lokacin suna tsoronsa. A nan littafin baƙin bango ya samo asali. Ta ci da ratar ƙuri'a ɗari biyu da goma sha biyu.

A kan kujera ba ta da sauri. Takan karanta kowace takarda har ƙarshe, abin da ke ƙona ran lauyoyi. In ta yanke hukunci sai ta dubi mutum ta ce, "Ka gane abin da na faɗa? Maimaita min da bakinka." Wani ya taɓa maimaitawa sau uku kafin ta bar shi ya tafi. Gundumar ƙarama ce, alƙali ɗaya gare ta, kowa ya san kowa. Sai ta daina cin abinci a gidan abincin bakin dandali, ta koma yin cefane a gundumar maƙwabta, saboda a nasu shagon mutane kan tare ta tsakanin kantoci su fara ba ta labarin ƙararsu. Wuri ɗaya ya rage mata da take zama ba a matsayin alƙali ba: teburin gidan iyayenta, ranar Lahadi bayan coci. Doka ɗaya ce a teburin, ba a maganar kotu.

Zaɓe na biyu babu wanda ya fito ya kara da ita. Duk da haka Ambrose ya loda alluna.

"Malam, ni kaɗai ce fa a takardar."

"Su san nema kika yi, ba tsinta ba."

Bernadette ta rasu shekara biyu bayan wannan. Wendell Hruska yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta, kuma tun daga lokacin, duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, kafin gari ya gama wayewa ya zo da tarakta ya share wa Ambrose hanyar ƙofar gida.

A watan Oktoba na shekararta ta goma sha biyu a kujera, Dale, ɗan Wendell, ya sha ya bugu ya hau mota, karo na uku ke nan da aka kama shi. Wannan karon ya daki motar matar da ke raba wasiƙu, ya karya mata ƙugu. Har yau da sanda take tafiya. Ƙarar ta zo gaban Corinne, tunda babu wani alƙalin. Ranar Asabar Wendell ya zo gareji, hularsa a hannu.

"Ni ban ce ta sake shi ba, Ambrose. Ta dai san cewa shanu saba'in shi ke tatsarsu, ni gwiwoyina sun mutu. Kai ne ubanta. A teburi kawai ka ambata, ba wanda zai ji."

Ranar Lahadi suna cin gasasshiyar kaza da kabeji, Ambrose ya ce, "Wendell ya zo jiya."

"Baba."

"Ba wani abu ba ne, kawai dai..."

"Baba, tsaya nan."

Bai tsaya ba. Shekara talatin da takwas ya yi a gaban aji, bai saba a katse shi a tsakiyar magana ba. Ya faɗi shanu saba'in, ya faɗi gwiwoyi, ya ƙara da nasa, cewa Dale ya zauna a ajinsa kuma ba mugun yaro ba ne. Duka maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Corinne ta ajiye cokali.

"Ka gama?"

"Na gama."

"To ka cire ni daga shari'ar ke nan."

Ta wanke farantinta, ta sumbaci tsakar kansa, ta fita.

Ranar Litinin, a gaban kowa, ana rubutawa, ta ce mahaifinta ya yi mata magana a madadin iyalin wanda ake tuhuma, don haka ta janye hannunta daga ƙarar. Ambrose ba ya kotun ranar, a jaridar gari ya gani: MAHAIFIN MAI SHARI'A YA NEMA WA ƊAN AMININSA SASSAUCI. Aka kawo alƙali daga wata gunduma, wanda bai san kowa ba, ya ba Dale shekara huɗu a gidan yari. Kafin ƙarshen sanyi Wendell ya sayar da shanun.

Gordon Stahl ya fito takara. Kullum da safe rediyo na maimaita muryarsa yana cewa a kotu ake shari'a, ba a teburin cin abinci ba. Mutanen cikin gari suka ce ashe gidan Pavlik ta bayan fage ake bi. Mutanen gonaki suka ce ta zame jikinta ta jefa ɗan maƙwabci hannun baƙo. Gida hamsin da takwas na cikin littafin suka ce kada a kafa musu allo, Ambrose ya ja wa kowanne layi da rula. Na Wendell ne na farko. Ta faɗi da ratar ƙuri'a ɗari uku da arba'in.

Ta kwashe kayanta daga ofishin alƙali cikin kwali huɗu, ta koma kare waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Ranar Lahadi ta zo cin abinci kamar kullum, da ta gaba, da ta gaba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta yi masa faɗa, da ya san inda zai kama. Shirun sai ya zauna tare da su a teburi, shi kuma kullum yana ganin ba yau ba, sai yana da abin da zai riƙo a hannu. Da Stahl ya sanar zai sauka, ita ce ta kira shi a waya ta ce, "Malam, littafin nan yana nan?" Wani matashin lauyan gwamnati ya fito ya kara da ita. Gida talatin da ɗaya cikin hamsin da takwas ɗin suka dawo.

Washegarin cin kifin nan a coci, ranar Asabar, ƙarfe takwas ba ta zo ba. Takwas da minti ashirin ya kira wayarta, ba a ɗauka ba. Corinne ba ta makara. Takwas da minti talatin da biyar ya buɗe ƙofarta da makullinsa. Tana kwance a ƙasan kicin, da kwat a jikinta, takalmi ɗaya a ƙafa, makullin mota a hannu. Likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma da wuya ta san abin da ya faru. Shekararta hamsin da bakwai. Aka binne ta ranar Laraba kusa da mahaifiyarta. Cocin ya cika har waje. Stahl ya zo ya tsaya a baya. Ambrose ya sa kwat ɗin da ya ajiye don ranar rantsarwa, don ba shi da wani mai kyau.

Ranar Alhamis jami'ar zaɓe ta gunduma ta zo gida ta yi masa bayani. An riga an buga takardun ƙuri'a, wasu ma sun riga sun jefa tasu ta gidan waya, sunan ba zai ciru ba. In ta faɗi, shi ke nan. In ta ci, kujerar za ta zama babu kowa, gwamna ya naɗa wani ya riƙe.

Ranar Juma'a ya ɗauki littafin ya fita cire alluna. Ɗari uku da goma sha ɗaya ne a kafe. A ganinsa bai dace mamaciya ta tsaya bakin hanya tana roƙon ƙuri'a ba. A gidan farko, ya kama allon ke nan, Irene Lasek, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta fito da silifa cikin sanyi.

"Ambrose Pavlik, sakar min allona."

"Ta rasu, Irene."

"Ina cocin, ai na ji. Ni na ce ka kafa, ni zan ce ka cire. Ka dawo ran Laraba."

Gida tara ya je, allo biyu kawai ya samu ya cire, su ma masu gidan ba sa nan. Wajen sha ɗaya ya iso mararrabar Hruska, da niyyar wucewa kamar kullum. Sai ya taka birki. Akwai allo a kusurwar gonar, taku uku daga kwalta. Ba irin na bana ba ne. Na zaɓen farko ne, shuɗinsa ya koɗe, da hotonta tana shekara talatin da tara, gashinta baƙi. An ɗaure shi da igiyar ciyawa a jikin turken ƙarfe, don ƙafafun wayarsa sun yi tsatsa sun karye.

Ya fito ya tsaya a gabansa. Ya ji ƙarar sanda a kan tsakuwa kafin ya ga Wendell.

"Kai, tsoho, wa ya ba ka izinin taɓa kayan gonata?"

"Ban taɓa ba."

"Na ga idonka. Irene ta bugo min waya, ta ce kana yawo kana tumɓuke wa mutane alluna kamar ɓarawon kabeji."

"Ina ka samo wannan?"

"A rumbu. Bayan injin tatsa. Dale ne ya tono shi ran Lahadi, shi ya kafa turken." Wendell ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Shekara uku ke nan bai sha ba. Yana aiki a wurin cuku. Ya ce da ita ta yi shari'ar, da sai ta sa shi ya maimaita hukuncin da bakinsa, irin yadda take yi wa mutane."

Ambrose ya dubi hoton. Wata tankar madara ta wuce, iskarta ta kaɗa allon.

"Ni na aike ka," in ji Wendell. "Ka manta? Da ƙafata na zo garejinka. Shekara shida ka rungume laifin kai kaɗai, ko kaɗan ba ka sam min ba. Dama can kai marowaci ne."

"Ta ce in tsaya, Wendell. Sau biyu. Ban tsaya ba."

"Yaushe ka taɓa tsayawa? Ko a jana'izar Bernadette sai da ka gyara wa limamin coci lissafin shekarunta."

"Ai ya yi kuskure."

"Na sani." Wendell ya share hanci da bayan safar hannu. "Ka ba ta haƙuri kuwa?"

"Ina jira a rantsar da ita."

Wendell ya dubi hanya. Can ya ce, "Shigo ka sha kofi. Allon nan kuma in ka taɓa shi sai na kai ka kotu."

Ambrose ya mayar da biyun da ya cire kafin ya koma gida. Ramukansu suna nan, bai bukaci rodi ba.

Ranar Talata ƙarfe bakwai da minti biyar shi ne na huɗu a layi a ofishin 'yan kwana-kwana, inda unguwarsu ke jefa ƙuri'a. Ya sami sunanta na biyu a ƙarƙashin kujerar alƙali. Ya cike ɗan da'irar da ke gefensa a hankali, bai fita layi ba. Da yamma ya cire wayar gida daga bango. Ranar Laraba shida da rabi na safe ya kunna rediyo. Pavlik, dubu huɗu da ɗari tara da goma sha takwas. Abokin takararta, dubu huɗu da ɗari biyar da shida. Ya ɗebe da ka: ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya fi ratar da ta fara ci da ita, ya fi wadda ta faɗi da ita. Ya rubuta a shafin ƙarshe na littafin, da kwanan wata.

Sannan ya dubi kujerar da take zama ranar Lahadi, ya faɗi maganar da ya tanada, da ƙarfi, sau ɗaya. Jimla uku ce. Ya duba agogo, ba ta kai daƙiƙa goma ba. Da ta shiga tsakanin buɗe ƙofar motarta da rufe ta, a yammacin Juma'ar nan da suka rabu.

Kayanta sun ɗauki mako uku. Nadine Sorel, akawun kotu, wadda ta yi aiki da ita duk shekarunta na alƙalanci, ita ta taya shi. Littattafan shari'a suka tafi wurin wata matashiyar lauya da ta gaji ofishinta. Tufafi da takalma da kwanuka suka tafi coci. Motar ya ba wata 'yar ƙanwar Bernadette, amma sai da ya sa wa tayar baya iska. A bayan ƙofar ɗakin kwananta suka sami baƙar rigar alƙalanci cikin ledar gidan wanki, takardar jikinta ta nuna mako biyu kafin ta rasu ta karɓo. Nadine ta ce kada ya ba kowa, ai babu wanda za ta yi wa, Corinne gajera ce. Ya rataye ta kusa da kwat ɗinsa.

A aljihun tebur na ƙasa Nadine ta ciro wata takarda, ta karanta, ta miƙa masa.

"Ka taɓa ganin wannan, Mista Pavlik? Ni na buga shi. Abin da ta faɗa ne ranar Litinin ɗin da ta janye daga ƙarar Dale."

"Na karanta a jarida."

"Jarida ba ta ɗauki duka ba."

Shafi ɗaya ne. Abin da ya sani yana sama. A ƙasa akwai layi huɗu da bai taɓa gani ba: "Ina so a rubuta wannan ma. Mahaifina mutumin kirki ne. Maƙwabcinsa ya zo masa cikin damuwa, ya yi abin da maƙwabci ke yi. Shi yana da damar faɗa, ni ce ba ni da damar ji." Takardar ta yi laushi a inda ake ninke ta. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ninke ta a kan tsohon ninkin, ya sa cikin littafin baƙin bango.

Allunan su ne na ƙarshe. Shi da Dale suka tattaro su cikin kwana biyu, Dale yana cira, shi yana soke sunaye. Ƙafafun wayar ya raba wa masu lambu, don suna tallafe tumatir da su, Irene ta karɓi goma sha biyu. Robar kuwa wani mai kiwon zuma ya ɗebi rabi zai rufe amyoyinsa lokacin sanyi, sauran Wendell ya toshe kafofin ɗakin kajinsa da su, rubutun yana kallon ciki. Ambrose bai ajiye ko ɗaya ba. Na mararraba yana nan a jikin turkensa, don mai gonar bai ce a cire ba.